Albasar Kwaɗi a Gindin Randa

"To, ku matso kusa. Kai Ɗanjuma, janye ƙafarka daga bakin murhun nan, in ka ƙone ba ni da man shafa maka. Ga ta nan tafe, ga ta nan gare ku."

"Ta ƙaraso mu ji ta, Iya."

Wata mata ce ana ce mata Marka, don a tsakiyar damina aka haife ta. 'Yar fadama ce, a bakin tafki ta girma, kullum ƙafarta cikin laka. Da ta isa aure ta ga wani manomi mai suna Nomau, ta ce shi take so, shi ma ya ce ita yake so. Gidansu kuwa can kan jigawa yake, inda in ka zuba ruwa a ƙasa, kafin ka ɗago kai yashi ya shanye. Aka ɗaura aure, aka kai ta.

Nomau mutumin kirki ne, ba zagi ba duka. Sai dai Marka wabi take yi.

"Iya, mene ne wabi?"

Haihuwar da ba ta zama. In ka bar ni na yi magana za ka ji. Ta haifi na fari, ya fara zama ya koma. Ta haifi na biyu, ya fara rarrafe ya koma. Na uku shi ya fi ci mata rai, don har ya fara dafa bango yana miƙewa. Wata rana tana masa wanka ta ce da mijinta, "Maigida, dubi goshin yaron nan, naka ne sak. Wallahi ina sonsa har cikin raina." Kasuwa ba ta sake ci ba sai da aka binne yaron.

Tsofaffin matan gari suka zo gaisuwa, suka zauna suka miƙe ƙafa. Suka ce, "Marka, bakinki ne ya ja miki. Abin da ke ɗauke miki 'ya'ya kunne gare shi. Laɓewa yake yi a bayan danga yana jira ya ji wanda ake so, sai ya ɗauka. Nan gaba in Allah ya ba ki, kada ki yaba, kada ki nuna. Ki yi kamar tsintarsa kika yi a hanya."

Haka mutanen lokacin suka ɗauka, kuma ba mugunta ce ta sa suka faɗa mata ba. Marka ta riƙe maganar nan gam.

Da ta je ganin gida, sai ta sulale bakin tafki ta zauna tana kuka. Tana cikin kuka, sai ga wani tsohon Kwaɗo ya fito daga laka, bayansa duk kirci.

Ya ce, "'Yar fadama, ke da kike kama mu da hannu kina saki, yau me ya same ki?"

Ta ce, "Baba Kwaɗo, uku na haifa, uku na binne."

Kwaɗo ya juya ya dubi gefen tafki. Can ya ce, "Kin ga waccan?"

Ta duba. Albasar kwaɗi ce, kun san ta, mai dogayen ganye masu santsi, wadda in damina ta sauka take fitar da kara guda, a kansa furanni farare masu jan layi a tsakiya. A fadama ba mai kallonta sau biyu, ko akuya ba ta ci.

Kwaɗo ya ce, "Haƙa ki cire ta da lakarta, kada ki karkaɗe saiwar. Ki kai ta gidanki ki dasa a gindin randa, inda naso ke sauka, inda inuwa take. Kada ki binne wuyanta. Za ki haifi 'ya, ranta da na albasar nan ɗaya ne. In rani ya yi ganyen zai yanƙwane, kada ki tsorata, barci take yi. Abu ɗaya ne ba ta yafewa, ƙasarta ta bushe ƙaƙas. Ni ma zan bi ki in zauna a ƙarƙashin randar, in wani ya taɓa ta in yi miki kuka."

Marka ta haƙo albasa da lakarta, ta sa a ƙwarya, Kwaɗo ya ɗale ya zauna a kai, ta rufe da faifai ta hau tudu.

Randar gidan tsohuwa ce, tun ta uwar Nomau. Kullum jikinta a jiƙe, gindinta a dause, shi ya sa ruwanta ya fi na kowa sanyi a garin. Nan Marka ta tona rami ta zuba lakar fadama, ta dasa. Nomau ya gani ya ce, "Me kika dasa?" Ta ce, "Ciyawa ce ta garinmu." Ya ce to, ya wuce gona.

Da shekara ta zagayo albasa ta yi fure, Marka ta haifi mace. Ranar suna tsofaffi suka ɗauki jaririya suka ajiye a kan juji, wata maƙwabciya ta je ta tsinto ta kamar abin da aka yar. Aka sa mata Ajuji. Aka aske mata rabin kai aka bar rabi, aka ɗaura mata tsumma.

Yarinya ta zauna, ta yi rarrafe, ta miƙe, ta yi gudu. Duk damina albasa ta yi fure, duk rani ta yi barci, Kwaɗo na ƙarƙashin randa yana lumshe ido. Ajuji ta girma har ana aikenta ɗebo wuta a maƙwabta. Yarinya mai dariya, mai wushirya.

Uwarta kuwa ba ta taɓa ce mata 'yata ba. Sai dai "ke tsummar nan, zo nan." In an yanka kaza, Marka ta ware hanta ta ɓoye, sai ta wurga mata ta ce, "Ungo, ragowa ce, kare ma ya ƙi." In yarinya ta yi barci ta zauna ta zuba mata ido, bakinta a rufe. Ni dai tausayin matar nan nake ji duk sanda na zo nan.

Sai aka yi wata shekara da rani ya ƙi ƙarewa. Rijiyar gari ta ƙafe, sai an yi tafiya mai nisa kafin a samo tulu guda. Rumbuna suka yi ƙasa. Ko ganyen miya babu. A duk garin ba abin da ya rage kore sai ganyen albasar nan a gindin randar Marka, don lokacin damina ya yi, naso ya tashe ta daga barci.

To, ga Gizo. Kun san shi, bai yi noma ba, bai yi tanadi ba, shi da Ƙoƙi sai hamma. Yana yawon leƙa dangar mutane sai ya hango kore. Ya ce a ransa, albasa ce, kuma mai wannan ganye ai kanta ya kai ƙwarya. Ya bari rana ta take, kowa ya shige ɗaki, ya ratso ta ƙasan danga ya kai hannu. Kwaɗo ya ce ƙwaaƙ. Marka ta fito da muciya, Gizo ya arce. Ya sake dawowa, Kwaɗo ya sake kuka. Ya ga sata ba za ta yiwu ba, sai ya koma roƙo.

Gizo kuwa ya san al'adar garin sarai. Ya lura da yadda Marka ke satar kallon ciyawar nan, irin kallon da take yi wa 'yarta. Bai san sirrin ba, amma ya gane abu guda, matar nan ba za ta iya cewa tana so a gaban mutane ba.

Ya bari sai da mata suka taru a gidan suna ɓarar gyaɗar iri, ya yi sallama da tsamin bakin nan nasa. "Sayamu ayaikum." Ba zan iya kwaikwayonsa duka ba, haƙorana sun zube.

Ya ce, "Uwar gida, Ƙoƙi ba ta da abin miya. Lawashin albasar can, kina so ne, ko in yanka?"

Mata suka ɗago kai. Marka ta dubi albasar. Ta tuna yaron da ta yaba yana cikin ruwan wanka. Ta ce a ranta, ganye ne kawai, zai sake fitowa.

Ta ce, "Me zan yi da shi? Ciyawa ce."

Gizo ya yanke ganyen tas. Kwaɗo ya yi kuka har muryarsa ta dushe, ba wanda ya kula. Kafin magariba zazzaɓi ya rufe Ajuji, gashin kanta ya fara zuba a kan tabarma.

Gizo ya kai wa Ƙoƙi, ta dafa, suka ɗanɗana, ɗaci kamar maɗaci. Ƙoƙi ta ce, "Wannan ba albasar ci ba ce, ka rabu da ita." Gizo ya ce, "Ke ba ki san komai ba. Ɗacin a sama yake, zaƙin yana ƙasa. Kwaɗon nan ne matsalata."

Ya je ya sami Nomau a hanyar ɗebo ruwa, ya sauke tulu yana haki. Gizo ya ce, "Sannu maigida. Kai kana ɗebowa da wuyanka, randa tana ba ƙasa. Rabin wahalarka yashi ke sha. Ka samo laso, irin wanda marina ke shafe ramin rini da shi, ka shafe ta ciki da waje, ka ɗora ta a kan duwatsu. Ko ɗigo ba za ta ƙara zubarwa ba."

Nomau ya ga magana ce ta hankali. Ai kowa ma haka zai gani a shekarar da ake raba ruwa da ludayi. Ya samo laso ya shigo gida, Gizo na biye da shi. Amma da yake mutum ne mai shawara da iyalinsa, sai ya tsaya ya ce, "Marka, zan shafe randar nan. Sai dai ciyawarki ta garinku za ta rasa danshi. Kina son ta ne?"

Marka ta dubi danga. Iska ta kaɗa karan dangar ya yi motsi, ta ce a ranta shi ke nan, abin yana laɓe yana saurare.

Ta ce, "Ruwan sanyi dai za mu rasa, maigida."

Ya ce, "Sanyi ba ya kashe ƙishirwa in ruwan babu. Ciyawar na tambaye ki."

Ta ce, "Ciyawa kuma? Me zan yi da ita?"

Aka kwashe ruwa, aka shafe randa, aka ɗora ta a kan duwatsu. Lakar da Marka ta kawo daga fadama ta fara tsagewa.

Kwaɗo ya jure iyakar jurewa, har fatarsa ta fara yin fari. Ya kira ta a hankali ya ce, "'Yar fadama, ni zan tafi, in na ƙara kwana a nan gawata za ki share. Ki faɗa wa mijinki gaskiya."

Ta ce, "Baba Kwaɗo, in na faɗa za a ji."

Ya ce, "Wa zai ji? Shekara nawa ina kwance a gindin randar nan, ban taɓa ganin kowa a bayan dangarki ba sai Gizo. Ni cewa na yi kada ƙasarta ta bushe. Ban ce ki ɓoye ba."

Ta ce, "Wancan yaron da na yaba fa?"

Ya ce, "Kwanansa ne ya ƙare. Wannan kuwa nata bai ƙare ba, a hannunki yake."

Ta juya ta dubi danga. Kwaɗo ya jira, ya jira, ya ga ba za ta buɗe baki ba. Ya yi tsalle ya fita ta rariya, ya kama hanyar fadama.

Kada ku ce ba ta yi ƙoƙari ba. Nata rabon ruwan ba ta haɗiyewa. Sai ta kurɓa ta cika kumatu, ta zaga gindin randa kamar mai kurkure baki, ta tofar a kan albasar. Haka take yi safe da rana da yamma, har leɓenta ya tsage, har in ta miƙe sai jiri ya ɗebe ta. Amma kurɓin baki ina zai kai a jigawa? Ajuji na kwance, fatarta ta bushe, a ba ta ruwa ta sha ta ce, "Inna, ƙishirwa." A ƙara mata ta ce, "Inna, ƙishirwa." Duk da haka da sauran rai a albasar, don wuyanta bai gama bushewa ba. Kuma gabas ta fara haɗa hadari. Da an ƙara haƙuri kaɗan, da ruwa ya sauka.

Gizo ma ya ga hadarin. Ya ce in ruwa ya sauka saiwa ta sake kama ƙasa, cirewa za ta yi wuya. Ya so ya sata, amma yanzu Marka ba ta barin tsakar gida, nan ta shimfiɗa wa yarinya tabarma a inuwa. Sai ya bari ranar da tsofaffi suka zo duba mai jiki, gida ya cika, Nomau na zaune a bakin ƙofa ya yi tagumi.

Ya yi sallama ya ce, "Ya mai jiki? Allah ya sawwaƙe. Uwar gida, busasshiyar albasar can, bari in cire miki ita, tana tara kunama."

Marka ta ce, "Bar ta, guba ce, ba a ci."

Gizo ya ce, "Gubar nake nema, ɓeraye sun hana mu barci."

Ta ce, "Ƙasar ta yi tauri, za ka wahala."

Ya ce, "Wahala ai mun saba."

Ta ce, "Ka bari sai gobe."

Ya ce, "Gobe da yau duk ɗaya ne ga abin da ba a so. Ko kina so ne?"

Nomau ya ɗago kai ya dube ta da kyau. Ya ce, "Marka, sau biyu ke nan ina ganin fuskarki tana canzawa a kan abin nan. In kina so ki faɗa. Kalma ɗaya, ba mai taɓa ta."

Marka ta buɗe baki. Wata tsohuwa da ke kusa da ita ta ɗan taɓa mata gwiwa, ta yi mata nuni da yarinyar da ke kwance, wato ki kula da bakinki, mai so ba ya faɗa a gidan da ake jinya. Ajuji ma ta buɗe ido tana kallon uwarta.

Marka ta yi dabara a ranta. Ta ce bari in bar shi ya cire, in ya fita in bi shi ta bayan gari inda ba kowa, in ba shi zanena da 'yan kunnena in karɓo, in ruga da ita fadama.

Ta ce, "Ba na so."

Nomau da kansa ya miƙa wa Gizo fartanya.

Ku kuwa kun taɓa ganin Gizo ya yi aiki a hankali? Ya ɗaga fartanya ya kafta sau ɗaya, ƙasa ta yi tauri. Ya kafta na biyu, ta tsage. Ya kafta na uku da dukan ƙarfinsa, bakin fartanya ya shige tsakiyar albasar ya raba ta biyu. Aka ji ɗan ƙara, ƙyas.

Ajuji ta ja numfashi guda, ba ta sake ja ba.

Gizo ya kwashi ɓari biyun ya zura da gudu. Bai ko isa gida ba ya gatsa. Cikinsa ya murɗe, ya yi ta amai har ya fita hayyacinsa, Ƙoƙi ta ɗaure masa ciki da igiya tamau don ya daina birgima, shi ya sa har yau kuke ganin ƙugunsa a tsuke. Amma bai mutu ba. Ya warke ya ci gaba da leƙa dangar mutane.

A gidan Nomau kuwa tsofaffi suka rufe yarinya da zane. Suka ce, "Sai haƙuri. Ɗan wabi dama ba zama yake zuwa yi ba. Ke dai kin yi iyakar yinki, ko sau ɗaya ba mu ji kin yabe ta ba."

Nan ne Marka ta faɗi a kan gawar ta rungume. Ta ce, "'Yata ce. Ina sonta. Na fi son ta da raina. Ku ji, duk wanda ke bayan danga ma ya ji." Ta faɗi maganar Kwaɗo, da ta albasa, da ta naso, duka, a gaban kowa.

Nomau ya sunkuyar da kai. Yana kallon hannunsa, wanda ya shafe randa, wanda ya miƙa fartanya. Can ya ce, "Marka, da kin gaya mini, da na fasa randar nan a kanta. Da na kwana a hanyar ruwa ina kai da kawowa har wuyana ya karye. Ni ma ubanta ne. Na tambaye ki."

Maza suka ɗauki yarinya suka tafi maƙabarta. Suna cikin mayar da ƙasa ruwan farko ya sauko, mai yawa, har sai da suka rinƙa kwashe shi daga kabarin da ƙwarya.

"Iya, ba ta tashi ba?"

Ba ta tashi ba. Share hawayenki, Talatu, ki ji abin da ya sa na ba ku wannan. Rai na Allah ne, ba ya rataye a albasa, wannan tatsuniya ce. Amma tsoro yana sa mutum ya yi shiru a inda ya kamata ya yi magana, har ya ba da abin da ya fi so da bakinsa. In kuna son abu, kuma aka zo za a taɓa shi, ku buɗe baki ku ce ina so, a bar mini. Wanda yake tare da ku ba zai iya tare muku abin da kuka ɓoye masa ba.

Iyakarta ke nan, ƙungurus, na ɗora ta a kan kusu ya tafi da ita. Ɗanjuma, tura itacen nan ciki, ku tashi ku kwanta.